Gwangwanayen Waken Aji Shida

Panshekara, Kano.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya, kuma masaukin da suka ba ka bai yi maka ƙunci ba. Allah ya tsare ka a hanya da inda ka sauka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da masu yi maka murmushi da safe su kai sunanka ofis da yamma.

Labarin gida ba zan ba ka ba, bai daɗe da ka baro shi ba. Innarka ce ta sa wannan takarda a akwatinka, ni na ba ta, don akwai maganar da na kasa yi maka baki da baki.

Ranar da ka dawo daga kwaleji da takardar cewa an tura ka koyarwa can bayan Kazaure, ka zauna a zaure kana ta zuba. Ka ce mini, "Baba, yanzu an daina cusa wa yaro karatu. Matsala ake ba su, ta gaske, irin wadda suke gani a garinsu, su yi ta fama da ita a rukuni-rukuni har su gano bakin zaren. Malaminmu ya ce yaran da aka koyar haka sun fi riƙe karatu." Ni kuwa na ɗauki buta na fita. Ka ɗauka raini ne, innarka ta ce har abinci ka rage ci. Ba raini ba ne, Kabiru. Wannan abin da kake yi mini bayaninsa na yi shi tun kana firamare a Ɗorayi wajen kakarka, ban ma san yana da suna ba. Kuma shi ya raba ni da alli.

Kai dai ka buɗe ido sosai ka gan ni ma'aikacin masaƙa a Sharaɗa, ina dawowa da auduga a gemu. Amma kafin nan ka san malamin makaranta ne ni. A shekarun da gwamnati ta buɗe firamare ga kowa, ajujuwa suka cika maƙil, aka ba ni aji shida a wata makaranta a gefen Challawa, tsakanin lambuna da sababbin kamfanonin fata. Rabin yaran 'ya'yan manoman wurin ne. Rabin kuwa 'ya'yan leburorin da suka zo neman aiki ne daga Gumel, daga Haɗeja, har daga Damagaram. Yadda aka koya mini haka nake koya musu: in rubuta a allo, in buga sanda, su rera. Yaro zai rera maka lissafin ninkawa tun daga farko har ƙarshe kamar waƙar gaɗa, amma ka ce ya faɗa maka bulo nawa ne a bangon ajin, sai ya zuba maka ido.

Wata safiya wata yarinya mai suna Asabe, 'yar wani mai lambu, ta zo a makare. Na ɗaga bulala, sai ta ce, "Malam, tumatirinmu ne ya mutu, tun asuba muke tuge shi. Babana ya ce ruwan kamfani ne."

Kafin in yi magana wani yaro ya miƙe daga baya. Habu ke nan, ɗan Malam Iro Badamagare, wanda ke aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin fatar. Yaron da ban taɓa jin muryarsa a aji ba sai a cikin taron rerawa. Ya ce, "Ƙarya ne, Malam. Ƙasarsu ce ta gaji. Ruwan kamfani ba ya kashe komai."

Aji ya kaure. 'Ya'yan manoma gefe guda, 'ya'yan leburori gefe guda, kowa yana kare tuwon gidansu. Na buga tebur suka yi tsit. Ban san abin da ya sa ba, maimakon in zane su duka, sai na ce, "To, ta yaya za mu sani?"

Wannan ce rana ta farko da na yi wa yara tambayar da ba ni da amsarta a aljihu.

Ga kuskurena na farko. Shirun da suka yi ban iya jure shi ba. Washegari na zo na cika allo da yadda za a yi: a samo gwangwani, a shuka wake, a zuba ruwa kaza, a jira. Suka kwafa kamar yadda suke kwafar komai, idanun da suka yi haske jiya suka koma yadda na san su. Da an tafi a haka, da darasi ne kawai ya ƙaru a kan darussa. Habu ne ya ɗaga hannu ya ce in gwangwani ɗaya aka shuka ya mutu, ai babansa zai ce irin ne ba shi da kyau. Asabe ta ce kuma ƙasar dole ta zama ta wuri ɗaya, in ba haka ba su Habu za su ce ƙasa ce. Sai gardama ta sake tashi, amma wannan karon gardamar aiki ce. Na ɗauki tsumma na goge allon na koma gefe na zauna. Saboda haka, in ka ba yara matsala, ka riƙe bakinka. Shirunsu zai yi maka nauyi, za ka ji kamar kana cin albashin banza. Ka daure. Malami ya fi kowa son jin muryar kansa, kuma da wannan muryar yake kashe tunanin yaro ba tare da ya sani ba.

Su da kansu suka tsara. Suka tattaro gwangwanayen madara daga bakin masu shayi, suka ɗebo ƙasa daga gona guda, suka kasa gwangwanayen gida uku. Kashi ɗaya ruwan rijiya, kashi ɗaya ruwan kogi daga sama inda kamfanoni ba su kai ba, kashi ɗaya ruwan kwatar da ke fitowa daga bayan kamfanonin, wanda yau za ka gan shi shuɗi-shuɗi, gobe baƙi, warinsa kuwa kullum ɗaya. Da tsinken tsintsiya suka fara awon tsiro, sai suka ga tsinken wannan ya fi na wancan tsawo, suka roƙe ni rula. Daga rula sai rabi da kwata, abin da na yi wata da watanni ina dukansu a kansa. Da tsiron rukuni guda ya bambanta, wannan dogo wannan gajere, suka rasa wanda za su rubuta, sai suka zo da kansu suka ce in nuna musu yadda ake fitar da matsakaici. Ka ji fa, su suka nema. Awaki suka cinye shukar farko, suka sake shuka, suka kewaye da ƙaya. Yaran da sai an bi su gida da bulala, sai ga su suna riga ni zuwa makaranta. Hedimastanmu, Malam Garba, yana wucewa yana murmushi, har ya kawo wani baƙo ya nuna masa, yana cewa, "Ka ga irin aikin da muke yi a nan."

Kuskure na biyu ban gan shi ba sai da lokaci ya ƙure. Akwai wata yarinya, Lantana, shiru-shiru, mai yawan sunkuyar da kai. Duk tsawon aikin nan ita ce mai ɗebo ruwa. Masu baki sun riƙe rula, sun riƙe fensir, ita an bar ta da bokiti. Ni kuwa ina ganin rukuninsu yana kawo amsa daidai, sai na ɗauka kowa ya iya. Ranar da na ba kowa aiki shi kaɗai, Lantana ta miƙo mini takarda fara fat. Rukuni yana ɓoye yaro fiye da yadda bayan aji ke ɓoye shi. Kada ka yarda da amsar rukuni. Ka ja wanda bai yi magana ba gefe, ka sa rula a hannunsa, ka tsaya a kansa. Mai ɗebo ruwa yau, gobe shi zai yi awo, ko da masu bakin za su yi ta ƙunƙuni. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa da wannan hanya an gama da haddar ninkawa da gyaran rubutu. Ba a gama ba. Yaron da bai iya ninkawa ba, ko matsalar duniya ka ba shi, kallo zai yi.

Waken rijiya ya yi kore shar. Na kogi ya bi bayansa. Na kwata kuwa wasu ko tsirowa ba su yi ba, waɗanda suka tsiro suka yi rawaya, suka lanƙwashe, suka bushe. Ranar faɗin sakamako yaran suka zaɓi Habu, don shi ya fi kowa kula da awo. Yaron da ya shiga aikin don ya wanke kamfanin babansa, shi ya tsaya gaban aji yana karanta abin da ya auna da hannunsa, bai rage ko ɗaya ba. Da aka tashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, in faɗa a gida?"

Na ce, "Gaskiya ce ai. Ka faɗa."

Na faɗi haka ina jin daɗin kaina. Wannan shi ne kuskure na uku, kuma ba ni na fara biyan kuɗinsa ba. Ban je wajen iyayen yaran ba tun farko. Ban gaida mai unguwa na gaya masa abin da muke yi ba. Ban zauna na tambayi kaina wa amsar nan za ta taɓa in ta fito ba. Yara suka kai magana gida. Masu lambu, da ma ciki ya cika, suka zo suka kwashi gwangwanayen a daro suka kai ƙofar kamfani suna hayaniya. Manaja ya tambaya wa ya haɗa wannan abu. A cikin leburorin aka samu mai neman gindin zama ya ce, ai ɗan Iro ne ya yi awon.

Malam Iro ya same ni a gindin darbejiyar makaranta. Dogo ne, hannayensa duk sun ci sinadarin jimar fata, sun yi fari-fari. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Malam, na kawo muku yaro ku koya masa boko ne, ko ku koya masa cire mini abinci daga baki?"

Na ce, "Malam Iro, yaronku gaskiya ya faɗa. Kuma a ajin nan babu kamarsa."

Ya ce, "Na san gaskiya ce. Ni nake buɗe ruwan nan da hannuna, kun zaci ban sani ba? Amma ku, in aka tashi makaranta, gida za ku tafi ku tarar da tuwo. An sallame ni tun jiya."

Ya kira Habu daga aji. Yaron ya fito da jakarsa ta buhu, bai kalle ni ba. Kafin mako ya zagayo sun koma Damagaram, jarrabawar shiga sakandare saura 'yan watanni. Ruwan kwatar kuwa ko rana ɗaya bai fasa gudu ba. Yau ma in ka bi ta can za ka ji warinsa.

Ka ji wannan da kyau, Kabiru. Matsala ta gaske tana da masu ita. Lissafin da ke cikin littafi, na lemo goma a raba wa yara biyar, ba ya korar uban kowa daga aiki, shi ya sa ofis ke son sa. Ranar da ka fitar da yara daga littafi ka kai su bakin rijiyar gari ko kasuwa ko gona, ka shiga harkar manya. Ban ce kada ka shiga ba. Amma ka fara zuwa gaida dagaci. Ka zauna da iyaye a ƙofar masallaci ka gaya musu abin da yaransu za su bincika. Ka duba cikin ajinka ka ga ɗan wa zai kwana a ciki in amsa ta fito, kada ka sa shi gaba. In da mai tsayawa gaban mutane ya faɗi sakamako, kai ne, ba yaro ba. Ni na bar ɗan shekara goma sha wani abu ya ɗauki kayan da ya kamata in ɗauka.

Ba a daɗe ba sufeto ya zo daga ofishin ilimi, a kan babur, da jaka a rataye. Kamfani ya kai ƙara. Ya tsaya a kan ragowar gwangwanayen yana taɓa su da takalmi, ya ce, "Malam Ado, nuna mini inda aka rubuta wake a cikin manhajar aji shida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku shiga ku gwada su. Ku ba su rabi da kwata, ku ba su matsakaici, ku ce su rubuta muku abin da suka gani."

Ya ce, "Ba gwada yara na zo yi ba. An ɗauke ka ka koyar, ba ka haɗa gwamnati faɗa da masu kamfani ba." Ya juya wajen hedimasta, "Da saninka aka yi wannan?"

Malam Garba, mutumin da ya kawo baƙo yana cewa aikin da muke yi, ya dafa ƙirji ya ce shi sai da abu ya lalace ya ji labari. A gabana ya sa manyan yara suka watsa gwangwanayen bayan katanga. Asabe tana kuka tana watsawa.

Aka yi jarrabawa. Da sakamako ya fito, ajin nan ya ba da yawan yaran da makarantar ba ta taɓa turawa sakandare ba a shekara guda. Asabe tana ciki. Ba zan rantse maka cewa duk wake ne ya yi ba, don akwai masu ƙwaƙwalwa a cikinsu tun asali, kuma Lantana ta faɗi. Amma abin da na gani na gani. Yaran sun fito daga ɗakin jarrabawa suna cewa, "Malam, tambayoyin lissafin ba su kai na gwangwani wuya ba." Yaro in ya saba da tambayar da ba a ba shi amsarta ba, takardar jarrabawa ba ta firgita shi. Ofis ya aiko wa Malam Garba takardar yabo. A taron iyaye ya miƙe ya ce wannan nasara ta horo ce da bulala. Aka yi masa tafi. Ni a lokacin an riga an ba ni takardar canjin wuri zuwa wata makaranta a bayan Bompai.

Don haka kada ka yi aikin nan don a yaba maka. In yara sun ci, na hedimasta ne. In sun faɗi, naka ne, kai da sabuwar hanyarka. Ka rubuta abin da kake yi, ka nuna wa hedimasta tun kafin ka fara, ya sa hannu. Murmushinsa ba shaida ba ne.

A Bompai na yi kuskuren da ya fi daɗewa. Na ji tsoro. Na koma wa sanda da rerawa, har na fi da tsanani. Duk baƙin cikin da na kwaso daga Challawa, a bayan 'ya'yan mutane na sauke shi. Suna haddacewa, wasu suna cin jarrabawa, sufeto yana rubuta cewa na gyaru. In suka dawo daga hutu kuwa ka tambaye su abin da suka rera bara, kamar ba a taɓa yi ba. Wata rana wani yaro ya leƙa taga ya ce, "Malam, me ya sa hayaƙin kamfanin can wata rana fari wata rana baƙi?" Na ce ya rufe mini baki ya dubi allo. Ya rufe. Bai sake tambayata komai ba har ƙarshen zango. Ni ma a ƙarshen zangon nan na ajiye aiki, na bi wani abokina zuwa masaƙa. Inji dai ba ya tambaya, kuma ba a cutarsa in an yi masa tsawa. In ka wayi gari ka ga kana jin haushin yaro don ya yi tambaya, to ka tsaya ka binciki kanka. Malamin da ya mutu a tsaye ya fi wanda ya bar aiki ɓarna.

Sufeton nan kuwa, na ji an ce yanzu shi ke zagaya wuraren horar da malamai yana lacca a kan barin yara su gano abu da kansu, tunda abin ya zo a littafi daga ƙasar waje. Allah ya ba shi lada gwargwadon niyyarsa. Habu kuma, duk Badamagaren da aka ɗauka aiki a masaƙa sai na tambaye shi ko ya san wani Iro da ya taɓa aikin fata a Challawa, mai ɗa Habu. Har yau ban samu wanda ya san su ba.

Ka san ban so ka yi aikin koyarwa ba. Na so ka nemi wani abin, ko da a nan Sharaɗa ne, duk da yanzu kullum rage mutane ake yi. Ka ƙi, kuma ban hana ka ba. Tunda ka zaɓa, to ka yi shi da gaske. Ka ba su matsalarsu, ka riƙe bakinka, ka kula da mai sunkuyar da kai, ka tsaya gabansu in iska ta juyo. Kada ka ci bashin mutanen gari da alkawarin da ba za ka cika ba, kada ka ci abinci gida ɗaya kullum har a ce kai nasu ne. Ka riƙe salla a kan lokaci.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka ba ni takardar canjin wuri, na je Kumbotso wajen mahaifina, kakanka, Allah ya ji ƙansa, na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kowa yana aikinsa lafiya sai kai. Ka ba ni kunya." Wannan maganar ce ta zaunar da ni a Bompai ina dukan yara, don kada in sake ba shi kunya. Kai ba za ka ji ta daga bakina ba. In ka yi abin da ya dace suka kore ka, kada ka tsaya a can kana haɗiyar baƙin ciki don gudun idona. Ka ɗauko akwatinka ka hau mota. Na hana ƙannenka shiga ɗakinka.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa tafasa ruwan sha. Yayarka Hadiza da ƙannenka duk suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin mai ofis da mai hassada, ya sa yaran da za a damƙa maka su amfana da kai, kai ma ka gama da su lafiya. Allah ya dawo mana da kai cikin aminci. Amin.

Mahaifinka,
Ado